Koyon Ƙirƙirar Nan-Take a Kiɗan Jaz: Sharhi a Kan Littafin Paul Berliner

1.0 Gabatarwa

Kiɗan jaz ya samo asali ne daga Baƙaƙen Amurka na birnin New Orleans da kewayensa a farkon ƙarni na ashirin. Babban abin da ya bambanta shi da rubutaccen kiɗan Turai shi ne makaɗin jaz yakan shirya kiɗansa a daidai lokacin da yake kaɗa shi a gaban jama'a. Wannan aiki shi za a riƙa kira ƙirƙirar nan-take a cikin wannan maƙala. Tun daga shekarun 1960, lokacin da koyar da jaz ya fara bazuwa a makarantu, kasuwa ta cika da littattafai da faya-fayai masu yi wa ɗalibi alkawarin gajarta masa hanya, kuma a yau intanet ta ninka irin waɗannan alkawura. Ɗalibi kuwa lokacinsa ƙayyadadde ne. Idan ya ƙarar da shekarun ƙuruciyarsa yana bitar abin da ba zai amfane shi ba a ranar wasa, to ya yi asarar da ba a mayar da ita.

Manufar wannan maƙala ita ce a yi sharhi a kan littafin Paul Berliner mai suna Thinking in Jazz, wanda Jami'ar Shikago ta buga a 1994, ta fuskar tambaya guda ɗaya, watau wace irin bita ce ke kai ɗalibi ga iya ƙirƙirar nan-take ba tare da ɓata lokaci ba. Za a duba amsar da littafin ya bayar, a gwada ta da hanyar da makarantu suka fi bi, sa'an nan a nuna inda littafin ya gaza. Batun ya shafi malaman harshe da na adabin baka, domin gardamar da ke ƙarƙashinsa tsohuwa ce a wurinsu: shin ƙa'ida ake fara koya sannan magana ta biyo baya, ko kuwa magana ce ke gaba?

2.0 Abin da Makaɗi Ke Ƙirƙira a Kansa

Kafin a shiga littafin ya kamata a fayyace wasu kalmomi. Kiɗan Turai yana da sautuka 12 waɗanda ke maimaituwa daga ƙasa zuwa sama. Idan aka zaɓi bakwai daga cikinsu aka jera su hawa-hawa, an sami tsanin sauti. Idan aka kaɗa uku ko huɗu a lokaci guda, an sami damin sauti. Kowane ɗaya daga cikin sautukan nan 12 yana iya zama cibiyar waƙa, saboda haka waƙa ɗaya tana da gidaje 12 da za a iya kaɗa ta a cikinsu. Ana auna tsawon waƙa da ƙafa, kamar yadda ake yi a aruli, kuma galibi kowace ƙafa bugu huɗu gare ta.

Waƙar jaz tana da kari, watau muryar da mai sauraro ke iya rerawa, tana kuma da jerin dammunan sauti da ke ɗauke da karin. Tsari biyu suka fi yawa. Na farko shi ne bulus, mai ƙafa 12, wanda a sigarsa mafi sauƙi dami uku kacal yake buƙata. Na biyu shi ne mai ƙafa 32 da aka kasa huɗu, kashi na ɗaya da na biyu da na huɗu iri ɗaya, na uku dabam. Misalinsa da ya fi shahara shi ne jerin dammunan waƙar I Got Rhythm ta George Gershwin ta 1930, wanda makaɗa suka gina ɗimbin waƙoƙi a kansa. A wurin wasa, ƙungiya takan kaɗa karin sau ɗaya, sa'an nan jerin dammunan ya yi ta zagayowa, kowane makaɗi ya fito shi kaɗai ya ɗora sabon kari a kai.

Abin lura a nan shi ne sauri. A salon bibof na shekarun 1940 akan kai bugu 300 a minti ɗaya, kuma da yake makaɗi yakan saka sauti biyu a kowane bugu, yana fitar da sauti goma ke nan a sakan guda. Babu mahalukin da zai iya tuna ƙa'ida, ya auna ta, ya zaɓi sauti, har sau goma a sakan. Ashe ke nan duk abin da zai fito a wannan lokaci tilas ya riga ya zauna a kunne da yatsu tun da daɗewa.

3.0 Marubucin da Littafinsa

Paul Berliner masanin kiɗan al'ummu ne, kuma kafin ya juya ga jaz ya yi suna da littafinsa The Soul of Mbira na 1978, a kan kiɗan Shonawa na Zimbabuwe. Wannan tarbiyya ta bayyana a aikinsa na biyu. Ya ɗauki makaɗan jaz na Niyu Yok kamar yadda mai bincike ke ɗaukar kowace al'umma mai sana'a: ya zauna da su, ya tambaye su yadda suka koya, ya koma ga busa ƙahonsa a matsayin ɗalibi, ya kuma rubuta kiɗansu daga faifai ya ƙwanƙwance shi. Aikin ya ci fiye da shekara goma sha biyar, an kuma tattauna da makaɗa fiye da hamsin. Daga cikinsu akwai Max Roach mai ganga, da Barry Harris da Tommy Flanagan masu fiyano, da Lee Konitz da Lou Donaldson masu saksafon, da Doc Cheatham da Art Farmer da Wynton Marsalis masu ƙaho, da Emily Remler mai jita. Littafin ya kusa shafi 900, kuma fiye da shafi 200 daga ciki misalan kiɗa ne a rubuce.

Zubin littafin ya bi rayuwar makaɗi. Ya fara da yarinta da kiɗan gida da na coci, ya wuce ga tara kayan aiki na mai fitowa shi kaɗai, sa'an nan ya shiga yadda ƙungiya ke ƙirƙira tare, ya ƙare da tasirin wurin wasa da masu sauraro. Jigonsa kuwa guda ne daga farko har ƙarshe: zaton da jama'a ke yi cewa makaɗin jaz daga iska yake tsinto sautuka kuskure ne, domin abin da ake ji a minti uku na wasa sakamakon shirin shekaru ne.

4.0 Amsar da Littafin Ya Bayar

Berliner bai jera wa ɗalibi darussa ba. Amma wanda ya karanta bayanan makaɗan da kyau zai ga abubuwa uku suna ta maimaituwa a bakinsu, ko da yake zamaninsu da garuruwansu sun bambanta.

4.1 Kunne Kafin Ido

Kusan dukkansu da kwaikwayo suka fara. Yaro yakan zaɓi gwani guda, ya sami faifansa, ya yi ta mayar da allurar garmaho baya har sai ya kama jimlar kiɗa ɗaya, sa'an nan ya neme ta a kayan kiɗansa. Wasu sukan rage gudun faifai daga juyi 33 zuwa 16 a minti domin su ji abin da ya wuce da sauri. Tarihin jaz ya tabbatar da wannan. Lester Young ya koyi abubuwa daga faya-fayan Frankie Trumbauer. Wes Montgomery ya haddace kiɗan Charlie Christian daga faifai, har aikinsa na farko a gidan rawa shi ne ya kaɗa su kamar yadda ya haddace. Lennie Tristano, malamin Lee Konitz, yakan sa ɗalibansa su rera kiɗan Young ko na Charlie Parker da baki tare da faifai, har sai sun dace da shi, kafin su taɓa kayan kiɗa.

Hikimar wannan hanya a fili take. Rubutun kiɗa yana nuna sautin da za a kaɗa da tsawonsa, amma ba ya iya nuna nauyin da aka ɗora wa wannan sauti aka rage wa wancan, ko ɗan jinkirin da gwani ke yi a bayan bugu, ko yadda yake lanƙwasa sauti a ƙarshen jimla. Waɗannan su ne ke haifar da rangajin da ake gane jaz da shi. Mai nazarin Hausa zai gane matsalar nan da nan, domin rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, kuma baƙon da ya koyi Hausa daga takarda kaɗai da ya buɗe baki ake gane shi. Wanda ya ɗauki jimla da kunne ya ɗauke ta da lafazinta gaba ɗaya. Wanda ya ɗauke ta daga takarda sai ya sake komawa neman lafazin, aiki ya zama biyu.

4.2 Kaɗan Mai Zurfi

Abu na biyu shi ne abin da ake yi da jimlar bayan an kama ta, kuma a nan ne littafin ya fi armashi. Makaɗan sun nuna cewa hadda mafari ce kawai. Jimla guda ana kai ta gidaje 12 ɗaya bayan ɗaya. Ana fara ta a bugu na biyu maimakon na ɗaya. Ana yanke kanta a haɗa gindinta da wata, ana miƙar da ita, ana taƙaita ta, ana gwada ta a kan wata waƙa. Alal misali, akwai jerin dami uku da ke rufe sassan waƙoƙin jaz masu ɗimbin yawa, watau dami na biyu, na biyar, sa'an nan na ɗaya. Ɗalibin da ya mallaki jimla biyar a kan wannan jeri, a dukkan gidaje, yana kuma iya jujjuya su, ya fi wanda ya haddace jimla ɗari a gida ɗaya kayan aiki nesa ba kusa ba.

Binciken Thomas Owens ya ƙarfafa wannan ra'ayi. A kundin digirinsa na uku na 1974 a Jami'ar Kalifoniya ta Los Angeles, ya rubuta kiɗan Charlie Parker kimanin 250 daga faifai, ya tarar cewa an gina su ne a kan ƙananan gutsattsari kimanin ɗari waɗanda ke ta dawowa cikin sabon haɗi. Parker shi ake ɗauka uban ƙirƙira a wannan fage, amma ga shi taskarsa ƙidayayya ce. Gwanintarsa tana wurin saƙa, da sanin inda kowane zare zai shiga.

Berliner ya kawo wani bayani na Lee Konitz mai amfani ƙwarai ga malami. Konitz yana ganin ƙirƙira hawa-hawa ce. Ana farawa da kaɗa karin waƙa kamar yadda yake amma da lafazin kai, sai a yi masa ado, sai a sauya wasu sassansa, daga ƙarshe a gina sabon kari ɗungum. Amfanin wannan tsari shi ne ɗalibi ba ya rabuwa da waƙar, kuma tun ranar farko yana da abin da zai kaɗa mai ma'ana. Clark Terry, wani gwanin ƙaho, ya shahara da taƙaita tafiyar cikin matakai uku: a kwaikwaya, a narkar da abin da aka kwaikwaya ya zama jiki, sa'an nan a ƙago.

4.3 Makarantar Jama'a

Abu na uku shi ne cewa ba a gama koyo a ɗaka. Berliner ya keɓe babi guda domin ya nuna cewa al'ummar makaɗa ita kanta makaranta ce, mai malamai da jarrabawa da horo. Samari sukan taru a gidan ɗayansu su yi musayar abin da suka tsinta. Da dare akan haɗu a gidan rawa bayan an tashi daga aiki, a yi ta kiɗa ana gwada ƙwanji, kuma wanda bai shirya ba ba a ɓoye masa.

Labarin Parker shi ne misalin da kowa ke kawowa. Shi da bakinsa ya faɗi cewa a karon farko da ya shiga irin wannan zama a Birnin Kansas, waƙa ɗaya ya iya da guntun wata, aka yi masa dariya har ya bar wurin. A wani zaman kuma, a tsakiyar shekarun 1930, ya ɓace a tsakiyar waƙa, Jo Jones mai ganga ya jefa masa faifan tagulla a ƙafa alamar ya sauka. A bazarar 1937 ya tafi aiki da wata ƙungiya a yankin duwatsun Ozark, ya tafi da faya-fayan Count Basie, ya haddace kiɗan Lester Young da ke cikinsu. Da ya dawo, waɗanda suka yi masa dariya suka ji wani mutum dabam. Abin da dariyar ta yi masa shi ne ta nuna masa ainihin inda rauninsa yake, ya tafi ya yi aiki a kan wannan wuri.

5.0 Hanyar Makaranta

Domin a gane darajar abin da Berliner ya tattara, sai an dube shi tare da hanyar da ta mamaye azuzuwa. An kafa makarantar da ta zama Berklee a Boston a 1945, kuma a 1947 wata kwaleji a arewacin Texas ta fara ba da digiri a wannan fanni. A 1953 George Russell ya fitar da littafinsa The Lydian Chromatic Concept of Tonal Organization, wanda ya danganta kowane dami da tsanin da ya dace da shi. Ra'ayin ya yi tasiri a kan faifan Miles Davis mai suna Kind of Blue na 1959. Daga baya malamai suka sauƙaƙa shi ya zama dabara mai saurin koyarwa: ga dami, ga tsaninsa, kowane sauti na cikin tsanin halal ne. A 1967 Jamey Aebersold, mai saksafon daga jihar Indiyana, ya fitar da littafi na farko a jerin littattafansa masu haɗe da faifai, inda fiyano da babban goge da ganga ke kaɗa jerin dammuna, ɗalibi ya ɗora nasa a kai. Jerin ya haura littafi 130.

Adalci ya wajabta a faɗi alherin wannan hanya. Ta kai wa yaron ƙauye da na wata ƙasa ƙungiyar da ba zai taɓa samu ba. Ta ba malami abin da zai rubuta a allo ya kuma yi jarrabawa a kansa. Shi kansa Aebersold bai daina yi wa ɗalibai nasihar su saurari gwanaye ba, kuma yana cikin waɗanda suka rubuta kiɗan Parker a littafin Charlie Parker Omnibook na 1978. Aibin yana wurin saurin da dabarar ke nunawa a farko. Cikin mako guda ɗalibi zai iya hawa da sauka a kan tsani ba tare da ya taka sautin da ya saɓa ba, sai ya ɗauka ya iso. Alhali kuwa abin da ya samu bai wuce matsayin wanda aka ba jerin baƙaƙe da wasula aka ce ya yi magana ba. Tsani ba ya gaya masa sautin da zai sauka a kai idan dami ya sauya, ko inda jimla za ta numfasa, ko abin da zai bari bai kaɗa ba. Bugu da ƙari, ƙungiyar da ke cikin faifai, ko cikin wayar hannu a yau, ba ta jin ɗalibi. Ko ya yi daidai ko ya ɓace, haka za ta ci gaba, ba mai jefa masa faifan tagulla. Sauri ya haifi nawa ke nan.

Barry Harris, wanda muryarsa ta fi yawa a littafin Berliner ta fuskar koyarwa, ya nuna cewa ana iya haɗa aji da kunne. Ya yi shekaru da dama yana gudanar da darasin mako-mako a Niyu Yok, har da wurin da ya buɗe mai suna Jazz Cultural Theatre daga 1982 zuwa 1987, bai kuma daina koyarwa ba sai dab da rasuwarsa a 2021. Yana koyar da tsani da ƙa'ida, amma da baki: ya rera jimla, aji ya maimaita a kan bugu, ya sauya mata wani abu, a sake maimaitawa, a wuce gida na gaba. A hannunsa ƙa'ida bayani ce a kan abin da kunne ya riga ya ji.

6.0 Inda Littafin Ya Gaza

Duk da wannan, akwai wurare uku da littafin bai gamsar ba.

Na farko, bai rarrabe tsakanin yawan bita da ingancinta yadda ya kamata ba. Labaran makaɗa cike suke da awoyi masu ban tsoro. Parker ya faɗa a wata hira ta rediyo a 1954 cewa ya yi shekara uku zuwa huɗu yana bitar awa 11 zuwa 15 a kullum. Sonny Rollins ya janye daga wasa daga 1959 zuwa 1961 yana busa a kan gadar Williamsburg. Ɗalibin da ya karanta irin wannan zai iya ɗauka cewa awoyin su ne sirrin. Shekara guda kafin fitowar littafin, a 1993, Anders Ericsson da abokan aikinsa sun buga bincikensu a kan ɗaliban goge a wata makarantar kiɗa ta Balin. Sun tarar cewa mafi ƙwarewa sun tara kimanin awa 10,000 kafin su kai shekara 20, amma a yini ba su wuce wajen awa uku da rabi na bitar kaɗaici ba, a zama gajeru da hutu a tsakani. Abin da suka jaddada shi ne bita mai manufa: a ware abu guda da ya gagara, a yi ta kai masa hari, a sami mai nuna kuskure nan take. Malcolm Gladwell ne ya yayata adadin awoyin a littafinsa na 2008, jama'a suka riƙe lamba suka saki sharaɗin. Wani nazari na 2014 da Brooke Macnamara ta jagoranta, wanda ya tattara bincike masu yawa, ya nuna cewa irin wannan bita tana bayyana kimanin kashi 21 cikin ɗari ne na bambancin ƙwarewa a kiɗa. Gaskiya ne binciken Balin a kan rubutaccen kiɗa aka yi shi, amma sharaɗinsa ya dace da abin da makaɗan Berliner suka aikata, kuma da marubucin ya fito da shi fili da ɗalibi ya fi amfana.

Na biyu, waɗanda aka tattauna da su duk waɗanda suka kai gaci ne. Ba a ji muryar ɗimbin samarin da suka bi hanya ɗaya, aka yi musu dariya ɗaya, suka ajiye ƙaho har abada ba. Saboda haka littafin yana iya nuna abin da gwanaye suka yi, amma ba ya iya tabbatar da cewa duk wanda ya yi haka zai zama gwani. Haka kuma tsananin da ake yabo a zaman dare yana da wanda yake kora, kuma ƙarancin mata a cikin waɗanda aka tattauna da su abin tambaya ne da littafin bai tsaya a kansa sosai ba.

Na uku, littafin ya fi karkata ga salon bibof da abin da ya biyo bayansa kai tsaye. Makaɗa irin su Ornette Coleman, waɗanda tun daga ƙarshen shekarun 1950 suka saki jerin dammuna, ba su sami fili daidai da matsayinsu ba. Sa'an nan duniyar da aka siffanta, ta gidajen rawa a kowace unguwa da ƙungiyoyi masu yawo da ke ɗaukar yaro su horar da shi, ta riga ta ja baya tun kafin a buga littafin. Malamin yau yana da haƙƙin ya tambayi abin da zai maye gurbinta, littafin kuwa bai amsa ba.

Akwai wani misali da ke nuna iyakar gwaninta ita kanta. A 1959 John Coltrane ya kawo waƙarsa Giant Steps ɗakin ɗaukar faifai, mai jerin dammuna da ke tsalle tsakanin gidaje uku cikin sauri, bayan ya daɗe yana bitarsa. Tommy Flanagan, gwanin da ba a shakkar iyawarsa, bai sami irin wannan dama ba, kuma masu sauraro sun daɗe da lura da yadda kiɗansa ya yi ta yankewa a faifan. A 1982 ya sake ɗaukar waƙar ya kaɗa ta sumul. Ƙirƙirar nan-take ba ta wuce iyakar filin da aka riga aka share.

7.0 Dangantaka da Nazarin Waƙar Baka

Manazarcin adabin baka ba zai ji wannan bayani baƙo ba. A littafinsa The Singer of Tales na 1960, Albert Lord ya nuna cewa mawaƙan baka na Yugoslabiya suna bin matakai uku: sauraro, sa'an nan gwaji, sa'an nan rerawa a gaban masu sauraro da suka san abin. Ya kuma nuna cewa da shiryayyun gutsattsarin magana suke gina baiti a lokacin rerawa. Abin da Owens ya gano a kiɗan Parker ɗan'uwan wannan ne. A ƙasar Hausa ma an san yadda ɗan amshi ke shafe shekaru a bayan ubangidansa kafin ya ja waƙa da kansa, kuma kundin Ɗandatti Abdulƙadir na 1975 a Jami'ar Indiyana a kan Mamman Shata ya buɗe ƙofar nazarin yadda mawaƙi ke shirya waƙa a gaban jama'a. Sai dai kama da wane ba ta wane. Makaɗin jaz yana ɗaure da jerin dammuna mai zagayowa, mawaƙin Hausa kuwa kiɗa da amshi da ma'anar kalma ne ke riƙe da shi. Inda suka haɗu shi ne hanyar koyo.

Akwai kuma mahaɗa ta zahiri. Yusef Lateef, mai saksafon da sarewa, wanda ya tashi a Detroit garin su Harris da Flanagan, ya fitar da babban kundinsa na tsanuka da salon jera sauti mai suna Repository of Scales and Melodic Patterns a 1981. A wannan shekara ya zo Zariya, ya zauna har 1985 a matsayin babban mai bincike a Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello, inda ya yi nazarin sarewar Fulani. Mutumin da ya haura shekara sittin, wanda ya tara tsanuka cike da littafi, bai ga ya wuce zama ya saurari masu busar da ba a rubuce take ba.

8.0 Kammalawa

An ga cewa littafin Berliner bai yi wa kowa alkawarin gajeriyar hanya ba, amma daga bayanan makaɗansa ana iya fitar da tsarin da ke hana ɓata lokaci. Ɗalibi ya riƙe waƙoƙi kaɗan, ya fara da bulus, ya san karinsu da dammunansu da ka. Ya zaɓi gwani guda ya ɗauki jimlolinsa da kunne, ya rera su kafin ya kaɗa su. Kowace jimla ya kai ta gidaje 12 a hankali, ya jujjuya ta har ta daina kama da ta mai ita. Ya nemi ƙa'ida domin ta bayyana masa abin da ya ji. Kowane zama ya kasance da matsala guda da ake son warwarewa, ya ɗauki kiɗansa ya saurara, ya kuma riƙa kai kansa cikin waɗanda suka fi shi tun bai ji ya shirya ba.

A 2008 Charles Limb da Allen Braun sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar makaɗan fiyano shida suna ƙirƙira, suka ga sashen da ke sa ido a kan abin da mutum ke yi ya lafa a wannan lokaci. Mutum shida ba su isa a kafa hukunci ba, amma sakamakon ya yi daidai da abin da makaɗa suka daɗe suna faɗa, cewa a fagen wasa ba a tunanin ƙa'ida. Tunanin a ɗakin bita ake gama shi. Darajar Thinking in Jazz ita ce ya buɗe wannan ɗaki ya nuna abin da ake yi a ciki dalla-dalla, daga bakin masu sana'ar. Duk da tsawonsa da giɓin da aka nuna, ya cancanci malaman kiɗa da na harshe su karanta shi, kuma irin wannan bincike, na zama da makaɗa a tambaye su yadda suka koya, yana jiran mai yin sa da wannan zurfi a kan makaɗan kalangu da kukuma da taushi.